Daga Motar Kara Zuwa Tankar Yaƙi: Abin Da Ƙera Ƙananan Samfura Zai Koya Wa Ƙannenmu

 Kamar yadda aka saba, ga shirin namu a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau maganar wasan yara za mu yi, amma ku ɗan ba ni hankalinku, don maganar ta fi ƙarfin wasa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi, Tsanyawa ko Minjibir ya san yadda kaka take. Da zarar an yanke dawa an jibge kara, yara sun samu kayan aiki. A fere bayan kara, a yanka farin cikinsa, a sossoke, kafin la'asar mota ta fito. Wani ya yi ta langa-langa, wani ya fasa gwangwanin madara, a yanko taya daga tsohon silifas. Masu zuwa bakin kududdufi kuma su ɗebo yumɓu su gina doki da mahayinsa.

To amma ku lura da abin da yaran suka fi ƙerawa yanzu. Da akori-kura ce da tirela da motar Sarki. Yanzu Hilux ce mai bindiga a baya, da babur mai goyon mutum biyu, da bindigar kara a rataye a kafaɗa. Yaro abin da yake ji a hira kuma yake gani a waya shi yake kwaikwaya, kuma mun san labarin da ya cika kunnuwanmu, musamman mu da muke iyaka da Katsina. Wasu iyaye sukan ƙwace su karya. Na fahimci tsoronsu. Sai dai idan ka karya ta yau, gobe zai ƙera wata a bayan rumbu inda ba ka gani. Shawarata ita ce a bar hannun yana aiki, a ƙara masa abu biyu: ma'auni da tarihi.

A duniya wannan abu fanni ne mai zaman kansa. Manya da gemunsu suna zama su haɗa ƙaramin samfurin tankar yaƙi ko jirgi ko soja, su yi masa fenti har ka rantse na gaske ne aka ƙanƙantar. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara sayar da jiragen roba da mutum zai haɗa da kansa a shekarun 1950. Kamfanin Tamiya na Japan kuma shi ya yaɗa ma'aunin da masu tankoki suka fi amfani da shi yau, tun daga farkon shekarun 1960. Kuma abin ya taɓa zama aikin ƙasa. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta nemi ɗaliban sakandare su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako, domin a koya wa sojoji bambance jirginsu da na abokan gaba tun daga nesa. Kun ga aikin hannun 'yan makaranta ya shiga cikin abin da ke ceton rai.

Me ya raba motar karanmu da nasu? Abu ɗaya ne babba, ma'auni. Idan ka ga an rubuta 1:35, ma'anarsa kowane santimita 1 a jikin samfurin yana tsaye ne a madadin santimita 35 na ainihin abin. Shi ke nan fa. Ka samo tsawon abin na gaske, ka raba da 35.

Bari mu gwada. Sojan da tsayinsa ya kai santimita 175, idan ka raba da 35 zai ba ka 5. Wato sojanka na yumɓu kada ya wuce santimita 5. Ƙaramar jif ɗin nan ta Amurka ta zamanin yaƙin, Willys, tsawonta kusan santimita 336 ne, ta koma 9.6 ke nan. Hilux mai kusan mita 5.3 za ta koma santimita 15. Tayar jif kusan santimita 70 ce, saboda haka taka za ta zama 2. Nan ne za ka gane cewa murfin kwalbar lemo da muke sa wa kowace mota ya yi wa jif girma, domin shi kusan santimita 3 ne, idan ka ninka da 35 ya haura mita guda, tayar babbar mota ke nan. Masu jirage kuma sun fi son 1:72, inda soja ba ya kai santimita biyu da rabi.

Idan ba ka san tsawon motar ba fa? Nemi hoton da mutum yake tsaye a jikinta, ka mai da mutumin rularka. In motar ta ninka tsayinsa sau uku a hoto, haka za ta ninka sojanka na yumɓu sau uku. Yaron da ya iya wannan ya iya darasin rabo da kwatance da ake fama da shi a ƙaramar sakandare, kuma babu wanda ya ɗaga masa bulala.

Yanzu sai kayan aiki. Kwalin Tamiya ba ya cikin abin da za ka tarar a kasuwar Dambatta, in ma an yi odarsa daga waje kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi. Ba ma buƙatarsa. Ka fara da zane a takarda: gefe, gaba da sama, kowanne da awonsa. Sannan ka yanka kwali mai ƙarfi ko ka buɗe gwangwani ka daddale shi ya zama jikin mota. Farin cikin kara yana yankuwa da reza kamar sabulu, ya dace da kujeru, akwatunan harsashi da jarkoki. Bayan kara da aka fere siriri shi ne katakon bodi da tsani. Bututun biro ya zama bakin igwa. Tsohuwar wayar lantarki ta zama sitiyari da eriya. Sarƙar tanka kuma, ka ɓare fuska ɗaya ta kwalin indomi, wannan gurgun-gurgun ɗin da ke ciki shi ne sarƙarka. Ƙaro da aka jiƙa yana riƙe takarda da kara, ƙarfe kuma sai Super Glue. In yaro ƙarami ne, babba ya riƙe masa reza da almakashi, gwangwani ba ya da sabo.

Wajen gina soja ko doki, fara da ƙashi na waya, sannan ka ɗora yumɓun da ka tace ka cire tsakuwa. A inuwa ake shanya shi. In ka sa shi a rana tsattsagewa zai yi, tambayi kowace mai ginin tukwane.

Fenti shi ne inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ka fara shafa fenti mai launin toka a ko'ina, domin kwali da gwangwani da kara su zama fuska ɗaya. In ya bushe sai launin asali, a tsinke, shafi biyu ko uku, kada ka lafta mai kauri ya cinye maka ƙananan zane. Daga nan ka tsinka baƙi ko ruwan ƙasa ya zama kamar ruwan shayi, ka bar shi ya gangara cikin lunguna, sai inuwa ta fito. Sannan ka tsoma buroshi a launi mai haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafa a kan gefuna, nan take motar za ta yi kamar ta sha aiki. A ƙarshe ka niƙa ƙasar gonarku ta yi laushi, ka barbaɗa a taya da ƙasan bodi. Turawa kuɗi suke sa wa su sayi garin ƙura a kwalba. Mu kuwa hunturu yana kawo mana har ɗaka. Gawayi ya ba ka hayaƙin salansa, jar ƙasa ta ba ka tsatsa.

To me za a ƙera? Nan ne tarihi ya shigo, kuma nan na fi so mu tsaya.

Yaranmu sun san tankokin Rasha da Amurka a bidiyo, amma kaɗan ne suka san kakanninsu sun yi yaƙi a Bama. A 1943 Turawan mulkin mallaka suka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su dazukan Bama su fuskanci Japan. Akwai 'yan Arewa da yawa a ciki, kuma dama Hausa ita ce yaren bariki tun kafin lokacin. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Na runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye da gammo a tsakiya. Gammo dai da kuka sani na ɗaukar kaya. Dalili shi ne a tsaunukan Kaladan da Arakan mota ba ta iya shiga wurare da yawa, sai dubban sojoji 'yan dako suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, jiragen Dakota kuma suna jefo musu kaya da lema daga sama. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen karɓe garin Myohaung. Shi ya sa har yau akwai barikin Myohaung da na Dodan a Legas, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da barikin Chindit a Zariya. Duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito.

Ku yi tunanin ɗan faifan katako mai taku ɗaya: gangaren dutse na yumɓu, jif guda ta maƙale a taɓo, mutum shida a jere da koren kaki da hula mai faɗi, kowa da akwati a kan gammo. Wanda ya haɗa wannan dole ya tambayi su waye, daga wane gari, me aka biya su, me suka tarar da suka dawo. Wataƙila ma a gidansu akwai tsohuwar lambar yabo a ƙasan adaka da ba wanda ya taɓa tambayar labarinta.

Ga kuma na gida. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta ci Kano da igwa da bindigogin Maxim, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, bayan ta ratsa Bebeji kwana biyu kafin nan. Ganuwa da yumɓu ake gina ta dama, barde da lifidi da kwalkwali kuma ɗan auduga da ƙyalle sun isa. Mai son ganin kayan yaƙin da idonsa ya je Gidan Makama. Mai son jirage ya sani cewa daga 1940 jiragen yaƙin Ingila da ake haɗawa a Takoradi ta Gana suna yada zango a filin jirgin Kano a hanyarsu ta zuwa Masar. Mai son na zamani kuma ga motar sulke Ezugwu da aka ƙera a Kaduna aka ƙaddamar a Disambar 2019.

Na san tambayar da ke ran wasunku: ya batun mutum-mutumi a addini? Tambaya ce mai kyau. Mota da jirgi da ganuwa ba su da rai, babu magana a kansu. Siffar mai rai kuwa malamai sun yi bayani mai tsawo, da yawansu sun sassauta a kan kayan wasan yara saboda hadisan 'yan tsanar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wasu kuma sun ce a bar fuska ba ido ba hanci. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya a kan motoci, aikin da ke cikinsu ya ishe shi.

Sai gargaɗi, kuma don Allah a riƙe shi. Kada a bar yaro ya ƙera bindiga mai girman ta gaske ya yi mata baƙin fenti. Da magariba, daga nesa, jami'in tsaro ko ɗan sintiri ba zai tsaya tantance kara da ƙarfe ba. Kada kuma a je shingen sojoji ko ƙofar bariki ana ɗaukar hoton motoci wai don a kwaikwaya, hotuna sun cika intanet. Duk abin da za a ƙera ya zauna a tafin hannu.

Wani zai ce to ina amfanin duk wannan ga ɗan manomi? Manyan kamfanonin mota har yau da wani irin yumɓu suke fara gina siffar sabuwar mota kafin a taɓa ƙarfe. A irin wannan fagen Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi suna a General Motors da zanen Chevrolet Volt. A 2007 kuma duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Masu zanen gine-gine, masu walda, kafintoci, duk awo da haƙuri suke ci da shi. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi da makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa a ƙofar gida, amma yaron da zai shige su sai an fara sa masa rula a hannu tun yana ƙarami.

Saboda haka ga aikin da nake ba mu, mu matasa. Kowa ya nemi ƙannensa uku ko huɗu a unguwa, ya saya musu rula da fensir, ya zaɓi mota ɗaya su auna tare. Ƙungiyoyinmu na ci gaban gari su sa gasa bayan an gama girbi, a baje kolin a firamare ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a gayyato tsofaffin sojojin garin su zama alƙalai. Sharaɗi ɗaya: duk wanda ya kawo samfuri sai ya faɗi ma'auninsa, ya kuma ba da labarin mutanen da suka hau abin da waɗanda aka rasa. Yaron da ya san cewa yawancin aikin soja a Bama ɗaukar kaya ne da zazzaɓi da kewar gida, da wuya ya ɗauki yaƙi abin burgewa.

Wanda ya ƙera wani abu ya turo mana hoto da sunan garinsu, za mu nuna a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.