Tsohuwar kwamfuta ba shara ba ce: mu mayar da ita telen gida

Ƴan uwa mata, a gidaje da dama nan Gabi akwai tsohuwar kwamfuta, wadda muke ce ma ordinatar, kwance cikin akwati ko ƙarƙashin gado. Wata ɗa ya kawo ta daga makaranta a Maraɗi, wata daga Katsina aka sayo ta kwance. An ce ta yi nauyi, ba ta jan intanet, sai aka yada ta. To, nuna fim da sa karatu ko waƙa ba su buƙatar ƙarfi mai yawa. Kwamfutar da ta shekara goma ma tana iya wannan aiki.

Me ya sa abin ya dame mu? Yaranmu suna fita gidan kallo da dare, suna kashe kuɗi, ba mu san abin da suke gani ba. Mu kuma mukan taru mu biyar kan salula guda, kowa na leƙe. In allon ya yi faɗi, kowa ya gani, kuma uwar gida ce ke zaɓen abin da za a sa.

Ga yadda ake yi. A kai ta wurin mai gyara ya hure ƙurar hunturu daga fankarta, ya share duk abin da ba a bukata, ya sa mata manhajar VLC. Kyauta ce, ɗaliban wata makaranta a Faransa suka fara ta, kuma tana buɗe kusan kowane irin bidiyo. Kada a haɗa kwamfutar da intanet, don tun Janairun 2020 kamfanin Microsoft ya daina kare Windows 7 daga cuta. Fina-finai a zuba su cikin kile ko katin memwar. Wurin masu turawa a ce a ba mu ƙarami, 480 ko 720, don babba shi ke sa ta sarƙewa. In akwai tele, waya guda ta HDMI ko VGA ta isa, amma VGA ba ta ɗaukar murya, sai an ƙara ƴar lasifika.

Sai maganar wuta. Ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar. Saboda haka ta hannu ta fi ta tebur: cinta bai cika wuce wat 65 ba, farantin sola da batir matsakaici suna riƙe ta. Kada a aza ta bisa katifa, zafi ke kashe ta.

Ba fim ɗin Kano kaɗai ba. Ƙungiyoyin Access Agriculture da SAWBO suna da bidiyoyin noma da Hausa, har da na adana wake kada ƙwari su ci. Bayan an gama zubi, a kalli guda, a tattauna.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya koya mana cewa kayan taro sai da doka. In asusu ne zai biya gyara, a rubuta cikin littafi: wa ke ajiye ta, wace rana ake kallo, wa zai biya in ta lalace. Kuma kafin a fitar da ko dala, a kunna ta gaban mambobi, ta yi awa guda tana aiki. In ta mutu a hanya, kuɗinmu na nan cikin akwati.