Zaɓen Fenti Domin Bangon Makewayi

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa damina takan kama tun daga Afrilu har zuwa Oktoba, saboda haka bangon makewayi ba ya rabuwa da laima. Takardar ado da ake mannawa a bango ba ta jure wannan. Takan ɓamɓare, fumfuna kuma ta taru a bayanta, ta tsananta wa masu ciwon fuka. Fentin mai, wanda ruwa ke zamewa a kansa, shi ya fi dacewa. Amma wajibi ne magidanci ya tabbata babu dalma a cikinsa, domin gubarta tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A bari yaɓen siminti ya bushe sarai, a shafa fentin da rani, taga a buɗe. Rigakafi ya fi magani.