Daga Kano Zuwa Jos A Kan Keke

Da sassafe a ƙarshen mako muna ganin samari suna tuƙa kekuna masu giya a titunan Nassarawa GRA, daga Ahmadu Bello Way su bi ta filin sukuwa su dawo. Wasunsu sun fara zancen ɗaura guzuri da mayafi a kan keke su tafi Jos, suna kwana a hanya. Abin ba sabo ba ne. Kakanninmu sun yi fatauci a kan Raleigh, har masana'antarsa ta yi aiki nan Bompai. Wani Bajamushe kuwa, Heinz Stücke, ya bar gida a 1962 ya yi wajen shekara 50 yana zaga duniya a kan keke mai giya uku. Amma wanda ya koyi keke a Kano bai san dutse ba, don ban da Dala da Gwauron Dutse ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce.

Hanyar da ta fi kusa ita ce a bi titin Zariya zuwa Kwanar Dangora, a ratse zuwa Tudun Wada, a keta dajin Falgore, a wuce Doguwa da Saminaka da Jengre. Wajen kilomita 300 ke nan, watau kwana huɗu ko biyar ga mai kaya. Kano tana kan tudu na kusan mita 480 daga bakin teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Saboda haka akwai hawa na fiye da mita 700, ban da hawa da saukar da ke tsakani.

To, mutane suna tsoron hawan, amma mu gangara muka fi tsoro. In hawa ya fi ƙarfinka sai ka sauka ka tura, ba abin kunya. A gangara kuwa nauyinka da na keke da na kaya duk suna kan robar birki guda huɗu. In ka matse birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa, garen ƙafa zai yi zafi, roba ta yi santsi, zafin kuma yana iya ɗaga tsohon faci ko ya fasa tub kana cikin gudu. Dabara ita ce ka matsa da ƙarfi, ka saki, ka sake matsawa, da birki biyun tare, ka kuma rage gudu kafin ka shiga kwana. Kada ka fizgi na gaba shi kaɗai. In gangarar tana da tsawo ka tsaya ka taɓa garen. In hannu ba ya iya riƙe shi, ka zauna ya huce. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix masu garen ƙarfe mai ƙyalli suna da wata matsala kuma: da ruwa ya jiƙa su, birki kusan ba ya kamawa. Wanda ya zarce kudu da Jos ta hanyar Akwanga zai tarar da Hawan Kibo, inda manyan motoci ma birkinsu kan tsinke. Can dai mu turawa za mu yi.

Ɗaurin kaya ma yana da hannu cikin wannan. Buhu guda mai tsawo a bisa kariya yana sa keke lilo, a wurin hawa kuma yana ɗaga ƙafar gaba. A raba kayan jaka biyu daidai, a rataya dama da hagu ƙasa-ƙasa, mai nauyi a gindi, a sa kaɗan a gaba. Kada a manta famfo da faci da sholisho da sifana da tub guda, da robar birki sabuwa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar ruwa. Sai dai kowane mita 1,000 da aka hau sanyi yana ƙaruwa da kamar digiri 6, kuma daren Jos a Disamba ba wasa ba ne. Mai gumi in ya shiga gangara da jiƙaƙƙiyar riga sanyi yakan daskarar masa da yatsu, su kasa matsa birki. A canja riga a saman tudu. Iskar hunturu tana shanye ruwan jiki ba a sani ba, don haka a riƙa sha tun kafin ƙishi. In gudawa ta kama mutum a hanya, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta tafasasshen ruwa.

Dajin Falgore ya sha fama da 'yan fashi. A kwana Tudun Wada, a tambayi direbobin tasha labarin hanya, a shiga da safe cikin ayari, kada mutum ɗaya. Inda dare ya yi a gai da mai unguwa a nemi masauki, ya fi shimfiɗa a jeji. Kafin a juyo gida kuma a kai keke wurin mai gyara a Jos ya duba birki, gama wannan mita 700 da aka hau yanzu saukarsa za a yi.