Idan Mura Ta Haɗu Da Ciwon Suga: Hattara Uwargida!

 A wannan wata za mu leƙa ƙasar Pauwa ne, wato yankin Ƙanƙara a kudancin Jihar Katsina, domin mu tattauna a kan wata matsala da take ɗauke mana dattawa shiru-shiru duk sa'ad da sanyi ya shigo, wato haɗuwar mura mai tsanani da ciwon suga.

Ga yadda abin yakan faru a gidajenmu. An gama girbi, an kai masara da dawa rumbu, hazo ya sauko. Sai Inna, wadda aka daɗe da sanin tana da suga, ta fara tari da zazzaɓi. Kowa ya ce ai murar sanyi ce, a dafa mata citta da kanumfari a zuba zuma. Da ta ƙi cin tuwo sai a aika yaro ya sayo lemon kwalba, a dama kunu a cika masa sukari wai don ta sami ƙarfi, sannan a ajiye ƙwayoyinta tunda ba ta cin abinci. Kwana uku sai ƙishirwa da yawan fitsari, kwana biyar numfashi ya fara sama-sama, magana ta fara rikicewa. Galibi kuma da daddare abin yake tsananta, lokacin da babu direban da zai yarda ya hau hanya.

Darasin Shekarar 2020

Annobar korona ce ta buɗe wa duniya ido a kan wannan haɗari. A farkon watan Afrilun 2020 Gwamnan Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya sanar da mutum na farko da cutar ta kashe a jihar, wani likita ne a Daura. Ba a jima ba sai ga mace-macen dattawa a birnin Kano, har masu haƙar kabari suka fara kokawa. Da farko gwamnatin jihar ta danganta abin da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni kuma Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta jawo ajalinsu, a kan wasu cututtukan da suke fama da su tun da farko. Akasarinsu sun haura shekara 65. Idan kika haɗa maganganun biyu za ki ga wuri guda suka nufa: sabuwar cuta ta zo ta tarar da tsohuwa a jiki, suka haɗa ƙarfi.

Abin da aka gani a Kano shi aka gani a sauran ƙasashe. A Ingila, cikin waɗanda korona ta kashe a asibitoci a watannin farko, kusan ɗaya cikin uku masu ciwon suga ne. A lardin Hubei na ƙasar Sin kuwa, likitoci sun duba bayanan marasa lafiya 7,337, daga cikinsu 952 masu suga. Binciken, wanda mujallar Cell Metabolism ta buga a 2020, ya nuna kashi 7.8 cikin ɗari na masu suga sun rasu, alhali a cikin marasa suga kashi 2.7 ne. To amma ga inda albishirin yake. Da aka raba masu sugan gida biyu, waɗanda sugansu ya zauna daidai lokacin jinya kashi 1.1 kacal suka rasu, waɗanda nasu ya yi ta hauhawa kuwa kashi 11. Kin ga ke nan ciwo iri ɗaya ne, amma kulawa ta raba su nesa ba kusa ba.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin dokar ta-ɓaci, sai dai ƙwayar cutar ba ta bar duniya ba, kuma ba ita kaɗai ce mai wannan hali ba. A annobar murar aladu ta 2009, wani bincike a ƙasar Kanada ya gano ciwon suga yana ninka yiwuwar kwanciya asibiti har sau uku. Haka cutar numfashi ta MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012: cikin mutum 47 da aka yi nazari a kansu, 32 masu suga ne. Wannan ya shafi iyayenmu masu zuwa Hajji da Umara, waɗanda sau da yawa da tari suke dawowa gida.

Me Ya Sa Suga Ke Ƙara Wa Mura Ƙarfi?

A cikin jinin ɗan Adam Allah Ya halicci fararen ƙwayoyi waɗanda su ne sojojin jiki. Idan suga ya yi yawa a jini sai waɗannan sojoji su yi nauyi, ba sa isa wurin da cuta take da sauri, in sun isa ma ba sa kashe ta yadda ya kamata. Bugu da ƙari, sugan yakan tsattsafo cikin majinar da ke hanyoyin numfashi, ya zama abinci ga wasu ƙwayoyin cutar, shi ya sa murar da ta fara a hanci take gangarawa huhu ta zama nimoniya. Yawan suga yana kuma lalata bangon jijiyoyi, ya sa jini saurin daskarewa, wanda hakan ke takura wa zuciya da ƙoda.

Ita ma cutar tana mayar da martani. Duk lokacin da jiki ya shiga zazzaɓi yakan saki wasu sinadarai da ke sa hanta ta zubo da suga cikin jini, ko da kuwa mutum bai sa komai a bakinsa ba. Sugan ya jawo yawan fitsari, fitsari ya ƙarar da ruwan jiki, rashin ruwa ya ƙara hawan sugan. Haka za su yi ta tura juna har mai ciwo ya suma. Wannan ne dalilin da ya sa ajiye magani saboda rashin cin abinci yake da haɗari ƙwarai.

Wani abin tsoron shi ne, Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin masu suga a Afirka ba su san suna da shi ba. Da yawa sai an kwantar da su saboda numfashi sannan gwaji ya tona.

Gargaɗi A Kan Sha-Ka-Fashe

A watan Yunin 2020 masana a Jami'ar Oxford suka sanar da cewa maganin dexamethasone yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da aka sa wa na'urar numfashi. Labarin ya bazu, amma ba a bazu da sauran bayanin ba: maganin bai amfani masu cutar da ba ta kai su ga buƙatar iskar oksijin ba, kuma yana ɗaga suga sosai. A Indiya a 2021 dubban mutane sun kamu da wata muguwar cuta mai cin hanci da ido, akasarinsu masu suga da aka ɗura wa irin wannan magani. A nan gida kuwa, yana daga cikin ƙwayoyin da wasu mata ke saye a kemis don neman ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Don Allah kada ki sha, kada ki ba wa mai tari, sai da umarnin likita.

Abin Da Za Ki Yi

Mutanen ƙasar Pauwa sun san wahalar hanya. Sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da rufe layukan waya a yankin a Satumbar 2021, sun nuna mana cewa akwai ranar da ko kiran likita ba zai yiwu ba. Saboda haka shiri tun kafin ciwo ya zo shi ne mafita.

Na farko, duk wanda ya haura shekara 40 a gidanki, ko mai ƙiba, ko wanda iyayensa ke da suga, ko matar da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin fiye da kilo 4, a kai shi gwaji kafin sanyi ya kankama. Idan aka gwada da safe kafin karin kumallo aka sami 126 ko sama da haka (a wasu na'urorin 7.0), a maimaita gwajin a ga likita.

Na biyu, mai suga ya tanadi magani na aƙalla wata guda. Idan da hali a sayi ƙaramar na'urar gwaji, ko 'yan'uwa su haɗa kuɗi su saya wa gida.

Na uku, idan mura ta kama shi a riƙa gwada sugan duk bayan awa huɗu, a ba shi ruwa akai-akai, da kunu ko koko mara sukari kaɗan-kaɗan, da romo da miyar ganye. Mai allurar insulin kada ya daina. Mai shan ƙwaya kuwa, idan amai ko gudawa ya shigo, a tuntuɓi ma'aikacin lafiya a ranar, domin akwai ƙwayoyin da akan dakatar na ɗan lokaci, irin su metformin.

Na huɗu, ki san alamar faɗuwar suga: gumi, karkarwa, jiri, ko gwaji ya nuna ƙasa da 70 (wato 3.9). A nan ne kawai za ki jiƙa sukari cokali uku na shayi ki ba shi nan take, muddin yana iya haɗiya.

Na biyar, kada ki jira dare. Numfashi da sauri, ciwon ƙirji, yawan barci, rikicewar magana, amai ba tsayawa, ko suga da ya wuce 250 ya ƙi sauka, duk alamu ne na a tafi asibiti tun rana na sama. Akwai Babban Asibitin Ƙanƙara da na Funtuwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da kun isa, ki fara gaya wa likita cewa mai ciwon yana da suga, ki nuna masa magungunansa.

Sai kuma batun azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake ta matsowa cikin hunturu. Tsofaffinmu suna da kunyar ajiye azumi, alhali Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya. Ki lallashi Inna da Baba cikin ladabi, in ta kama ki sa maigida ko limamin unguwa ya yi musu magana.

Uwargida, ke ce kike dama kunun, ke ce kike jin tarin dare kafin kowa ya farka. Ajali na hannun Allah, amma an umarce mu da neman magani, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Pauwa da Arewa baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.