Kano Zuwa Abuja Ta Sama: Gaskiya Ko Jita-jita?

Maganganu da dama na yawo a bakin matafiya kan nisan da ke tsakanin Kano da Abuja a jirgin sama. Mun ɗauko huɗu daga cikinsu mun auna.

"Hanyar sama ta fi ta ƙasa gajarta."

Gaskiya ne. A miƙe, tazarar biranen biyu kimanin kilomita 360 ce, alhali titin mota da ya ratsa Zariya da Kaduna ya haura kilomita 400. Sai dai bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Saurin jirgi ne ke rage tafiyar, ba gajartar hanya ba.

"Jirgi miƙewa yake yi sambal, babu kwana."

Jita-jita ce. Sama ma tana da hanyoyinta, kuma jami'an hukumar kula da sararin samaniya, wato NAMA, ne ke tsara wa matuƙi inda zai bi. Jirgi kan tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, don haka sau da yawa sai ya yi kwana kafin ya kama hanya. In filin saukar ya cika, akan sa shi ya yi ta zagaye yana jiran izini.

"Tun da tafiyar gajera ce, ya kamata tikiti ya yi araha."

Wannan ma jita-jita ce, ko da yake ƙorafin jama'a abin fahimta ne. Jirgi ya fi shan mai lokacin tashi da hawa sama, kuma a irin wannan tafiya da zarar ya gama hawa sai ya fara shirin sauka. Kuɗin sauka a fili, da albashin ma'aikata, da duba lafiyar jirgi ba sa raguwa don hanya ta gajarta. Shi ya sa kowace kilomita ta fi tsada a gajeriyar tafiya.

"Cikin awa ɗaya ka isa Abuja."

Rabin gaskiya. Awa ɗayan ta jirgi ce kaɗai. Ƙara lokacin zuwa filin Malam Aminu Kano da wuri, da layin bincike, da jiran kaya, sannan filin Nnamdi Azikiwe yana wajen gari, tafiyar kusan kilomita 40 zuwa tsakiyar birni. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, hazon hunturu kan hana matuƙi ganin titin sauka, a jinkirta tashi ko a soke shi gaba ɗaya.

Duk da haka jirgi ya fi mota sauri nesa ba kusa ba. Amma mai ganawa da likita ko mai zuwa jarrabawar neman aiki, ya yi lissafi daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar inda za shi. In lokacin hazo ne, ya tafi tun ana gobe.