Wanda ya faɗi jarabawa yana da sauran dama

Kowace shekara, idan damina ta kama, ƴan koleji na gundumar Magarya da ta Dungas suna zama jarabawar BEPC. Ita ce ake yi bayan shekara 4 a koleji. Waɗanda suka wuce lise kuma, bayan shekara 3 suna zama babbar jarabawa, wato Bak. Daga Bande, Waca, Ɗan Ciyawo da Sasumburum har Dogo-Dogo, Guci da Malawa, iyaye suna gona amma hankalinsu yana wajen sakamako.

Jarabawar nan ba ta da sauƙi. A shekarar 2021, cikin yara 5 da suka zauna BEPC a Nijar, kusan 1 kaɗai ya ci. Ke nan yaron da ya faɗi ba shi kaɗai ba ne, kuma faɗuwarsa ba ta nuna shi dolo ne. Wani ya yi shekara yana zaune gidan mutane a gari, wani lokaci da yunwa yake shiga aji. Wata kuma sai ta gama daka da ɗibar ruwa kafin ta buɗe littafi.

Dama ta farko tana cikin jarabawar kanta. Ana ba da maki bisa 20. Wanda ya samu 10 ya ci. Wanda ya rage masa kaɗan, ba a kore shi ba. Ana kiran sa zagaye na biyu, ya sake gwadawa. Amma zagayen nan ba ya jira, ƴan kwanaki ne kawai tsakani. A nan ne manomi zai yi hankali. Lokacin shuka ne da noman farko, gona tana neman hannu, uba yana ƙagara ɗansa ya komo ƙauye. Idan yaro ya tafi kafin a kira sunaye, yana iya rasa damarsa yana riƙe da hauya. Gara a bar shi a gari har a faɗi sakamako. Kwanakin da zai rasa a gona, ƴan uwa suna iya rufe su da gayya.

Idan zagaye na biyu bai yi ba, akwai maimaita aji. Shugaban makaranta da malamai su ne ke duba makin yaro da shekarunsa. Ya kamata uba ya je da ƙafarsa ya gan su, tun kafin a koma makaranta a watan Oktoba. Kada ya aika, kada ya jira sai an gama girbin gero.

Wanda makaranta ta sallama ma yana iya zama jarabawa da ƙashin kansa. Yana karatu a gida ko a makarantar dare, ya kai takardunsa da kuɗin rajista idan an buɗe rubuta sunaye. Takardar haihuwa ce kan gaba. Wanda ba shi da ita, ya nemi ta shari'a tun da wuri, don ba a samun ta rana ɗaya. Makiyayi da ke tafiya da garke ya tambayi lokacin rajista kafin ya tashi.

Maganar ƴan mata ta fi zafi. Yarinya ta faɗi a watan Yuli, kafin kaka an kawo goro. Alhali tun Disambar 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16. Gidajen likita na karkara suna neman ungozoma, makarantu suna neman malamai mata. Ba a shiga waɗannan ayyuka sai da takardar jarabawa. Samari kuma, iyaka tana kusa. Da an ce ya faɗi, sai ya ɗauki jaka ya bi ta Babura ko Maigatari, ya nufi Kano ci-rani. Ba laifi ba ne neman kuɗi, amma wanda ya yi shekara bai taɓa littafi ba, lissafi da Faransanci suna guje masa.

Shekara ɗaya ta ƙari tana cin kuɗi, gaskiya ne. Akwai littattafai, akwai hatsin da za a kai wa mai masauki. Wani sai ya sayar da akuya ko buhun gyaɗa. Uban da ya ga ba zai iya ba, ya tambayi magajin gari inda cibiyar koyon sana'a take. A can ana koyon ɗinki, kafinta da walda.