Idan tsohuwar Fijo ta shaƙe a hanya, a bi sawun mai tun daga tanki

Duk wanda ke cin kasuwannin iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ko daga Ƙonni zuwa Illela, ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Faransa ta fito da ita a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 kuwa ta yi shekaru tana harhaɗa ta. An daina ƙera ta, amma har yau akwai a-kori-kura da ke ɗaukar buhunan wake da albasa.

Babban ciwonta shi ne shaƙewa: tana cikin tafiya sai ta riƙa fizga, ta rasa ƙarfi a hawa, ta mutu. Ga mai tumatir, awa uku a bakin hanya asarar jari ce. Sau da yawa muna ganin direba ya yi saurin sa makaniki ya kwance kafireta, alhali ciwon yana can baya. Shawararmu ita ce a bi mai daki-daki.

A fara da murfin tanki. Idan kafar iskarsa ta toshe, mai ba zai sauko ba. A buɗe shi. In aka ji ya ja iska, motar kuma ta tashi, to an kama ɓarawo.

Sai shi kansa man. Na ƴan ruwa-ruwa yakan kwana cikin jarka da durom, ya kwaso ƙura da tsatsa, wani lokaci har da ruwa. A zuba kaɗan cikin farar kwalba a ajiye: ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. A duba matatar mai, in ta yi baƙi a sauya ta, kuɗinta bai kai na jan mota ba. A shafa tiyo kuma, domin wanda ya tsage iska yake zuƙa maimakon mai.

Daga nan sai famfo. Injin ne ke motsa shi, cikinsa akwai wata ƴar fatar roba. A cire wayar kwayil, a sa bakin tiyon da ke zuwa kafireta cikin kwalba, a murza makulli: lafiyayyen famfo zai riƙa tofo mai da ƙarfi. Idan fatar ta yage, fetur kan zurara cikin baƙin mai, don haka a sansana sandar awo. A zafin bazara kuwa, man kan zama tururi cikin tiyo. A jiƙa tsumma a ɗora kan famfo, a ɗan jira.

Sai duk waɗannan sun fita zargi sannan a taɓa kafireta. Ƙananan kafofinta da iska ake hura su, waya tana buɗa su ne motar ta koma shan mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, babu mai son wannan.

Muna roƙon direbobi su tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba, kada su bar tanki ya ƙafe, kada a zuƙi tiyo da baki, a kuma nisanta taba. Ku ma ƴan kasuwa, kafin ku loda kaya ku tambayi direba: akwai matata da guntun tiyo na ko-ta-kwana? Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.